Auna Baha'iyya da Mudunta

Hanya biyu ce mutum kan bi idan ya tashi sukar addinin da ba nasa ba. Ta farko ita ce ya ɗauko mudun gidansu ya auna hatsin maƙwabci da shi, in bai cika ba ya ce ai ga shi nan, da ma na faɗa. Wannan hanya tana da sauƙi, sai dai ba ta gamsar da kowa in ba wanda tun can ya gamsu ba. Ta biyu kuwa ita ce ya ce wa mai hatsin, miƙo mudun da ka zo da shi kasuwa, da shi za mu auna. Wannan ta fi wuya, domin sai ka zauna ka karanta littattafan mutane yadda su suke karanta su kafin ka buɗe baki. Ita nake so mu bi game da addinin Baha'iyya, saboda mudun da wannan addini ya zo da shi ya shafe mu, mu masu alƙalami, fiye da kowa. Abin da masu yaɗa shi suka fi farawa da shi shi ne, wajibi ne kowane ɗan Adam ya binciki gaskiya da kansa, ya ajiye gadon iyaye da bin malamai ido rufe, ya duba da idonsa ba da na wani ba. To, bayan mutum ya bincika ya shiga, shin binciken yana shiga tare da shi, ko kuwa a bakin ƙofa ake tuɓe shi tare da takalmi?

Ga mafarin abin a taƙaice. A 1844 wani matashin ɗan kasuwa a birnin Shiraz na ƙasar Iran, Sayyid Ali Muhammad, ya ce shi ne Bab, wato ƙofa zuwa ga Imamin da 'yan Shi'a ke jira. Daga baya ya ce shi ne wanda ake jiran, ya kuma kawo littafi mai suna Bayan da sabuwar shari'a. Aka harbe shi a Tabriz a 1850, aka hallaka dubban mabiyansa. Cikin waɗanda suka tsira akwai wasu 'yan uba biyu, Mirza Husaini Ali da ƙanensa Mirza Yahaya, wanda ake yi wa laƙabi da Subhi Azal, kuma shi ne Bab ya nuna a matsayin jagoran jama'a a bayansa. Suka tsinci kansu a Bagadaza. A can ne a 1863 Husaini Ali, mai laƙabin Baha'ullah, ya shaida wa na kusa da shi cewa shi ne wanda Bab ya yi bushara da zuwansa. Ƙanen ya ce bai san zancen ba. Da rigimar ta yi tsami, Sarkin Santambul ya raba su a 1868, ya tura Yahaya tsibirin Ƙubrus, ya tura Baha'ullah kurkukun Akka a Falasɗinu, kuma a wannan yanki ya rasu a 1892.

Babban ginshiƙin da'awar Baha'iyya shi ne wahayi ba ya yankewa. Ubangiji yana aiko manzo bayan manzo, kowanne da maganin zamaninsa, kuma duk al'ummar da ta ce daga nata an rufe ƙofa, ta faɗa ramin da na gabanta suka faɗa. Littafin da ya shimfiɗa wannan hujja shi ne Kitabul Iƙan, wanda Baha'ullah ya rubuta da Farisanci a Bagadaza wajen 1861 don amsa tambayoyin kawun Bab. Littafi ne na gwani, wannan ba a ja. Dabararsa ita ce tawili: duhun rana da faɗowar taurari da tashin ƙiyama, har ma da kalmar cikamakin annabawa, duk ya karanta su a matsayin ishara, ya kuma ɗora laifin ƙin kowane sabon manzo a kan malaman da suka maƙale wa zahirin lafazi. Abin da Musulmi zai ce game da wannan sananne ne, ba sai na maimaita ba, tun da na yi alkawarin ba da mudunmu za mu auna ba.

Amma duba nan, ya mai karatu. Mabiyan Subhi Azal sun kafa hujja da cewa a cikin Bayan an yi nuni ga lokacin zuwan wanda aka yi bushara da shi da kalmomin Giyas da Mustagas, waɗanda a hisabin abajada suke ba da 1511 da 2001, alhali shekara 19 kacal ke tsakanin da'awar Bab da ta Baha'ullah. 'Yan Baha'iyya suka amsa cewa wannan adadi iyaka ce ta ƙarshe, ba wa'adi ba, kuma Bab ya gargaɗi mutanensa kada su bari lafazin littafinsa ya zame musu shamaki. Mu ce mun karɓa. Sai ga shi a nasa littafin shari'a Baha'ullah ya hukunta cewa duk wanda ya yi da'awar wahayi kafin cikar shekara dubu maƙaryaci ne, ya kuma toshe ƙofar tawili a kan wannan aya, ya ce a bar ta a zahirinta. Wato makullin da ya buɗe ƙofofin wasu da shi, da ya zo tasa ƙofar sai ya kulle ya jefa shi rijiya. Idan gobe wani ya taso daga cikinsu ya ce shekara dubun nan ishara ce, kowace rana a madadin shekara, da me za a mayar masa, in ba da irin amsar da malaman Tabriz suka ba Bab ba? Shekara dubu ba har abada ba ce, gaskiya ne. Amma ga mutumin da zai rayu shekara saba'in, shi da jikokin jikokinsa, bambancin a takarda kawai yake.

Wannan littafin shari'a shi ne Kitabul Aƙdas, wanda aka rubuta da Larabci a Akka wajen 1873. A ciki akwai salla mai alƙibla zuwa inda Baha'ullah yake, da azumin kwana 19 a watan Maris, da kalanda mai wata 19 kowanne da kwana 19. An soke sallar jam'i in ban da ta gawa, an hana giya da bara da cinikin bayi da sumbatar hannun manya. An kuma soke wani hukunci na Bayan da ya yi umarni da hallaka littattafan da ba na addinin ba, kuma duk marubuci zai ce madalla da wannan. A gefe guda akwai hukuncin ƙona wanda ya ƙona gida da gangan ko a ɗaure shi rai da rai, da sa wa ɓarawo alama a goshi in ya yi sata ta uku, da tarar misƙali 9 na zinariya ga mazinaci wadda ke ninkuwa in ya koma. A rabon gadon wanda bai bar wasiyya ba, gidan uba na ɗa namiji ne, kuma ɗan'uwan da ba ya cikin addinin ba ya samun kaso. 'Yan Baha'iyya suna cewa hukunce-hukuncen laifuka na wata al'umma ce da ba a kai ga kafa ta ba tukuna, kuma an wajabta wa kowa rubuta wasiyya, ya ba wanda ya so abin da ya so.

Ni tsananin hukunci bai dame ni ba kamar tarihin littafin. An buga shi da Larabci a Bombai wajen 1890. Wani masani ɗan Rasha, Tumanski, ya fassara shi a 1899. Wasu 'yan mishan biyu, Elder da Miller, suka fitar da fassarar Ingilishi a 1961. Amma shugabannin addinin ba su fitar da cikakkiyar fassarar da suka amince da ita ba sai 1992, kusan shekara 120 bayan rubuta shi. Kafin nan guntaye ne ke yawo, sai wani taƙaitaccen jerin hukunce-hukunce da aka buga a 1973. Ke nan duk waɗanda suka shiga addinin a Amurka da Turai tun zamanin rangadin Abdul Baha, ɗan Baha'ullah, daga 1911 zuwa 1913, da waɗanda suka shiga a Afirka bayan 1950, an kira su da sunan binciken gaskiya, amma littafi mafi tsarki na abin da suke bincike ba ya hannunsu da harshen da suke ji. Abin da aka nuna musu shi ne zaman lafiyar duniya da haɗin kan bil'adama da daidaiton mace da namiji da jituwar addini da kimiyya. An ce hikima ce, a shayar da jariri nono kafin a ba shi tuwo. To amma wanda aka ce masa kai alƙali ne, yanke hukunci da kanka, ba a ɓoye masa rabin shaidu a ce ai jariri ne.

Batun mata ma haka yake. Wannan addini yana alfahari da Ɗahira, wadda ake kira Ƙurratul Aini, mawaƙiya kuma malama, wadda ta yaye lulluɓinta a taron Badasht a 1848, aka shaƙe ta a Tehran a 1852. Mata suna shugabancin majalisunsu na gari da na ƙasa, kuma an ce wa iyaye in kuɗin makaranta bai ishi yara duka ba, a fara da 'ya mace. Wannan abin yabo ne. Sai dai lafazin Aƙdas ya halatta mata biyu, Abdul Baha ne ya zo ya ce an gindaya sharaɗin adalci, adalci kuwa ba ya yiwuwa, saboda haka mace ɗaya ake nufi. Mai karatu zai tuna irin wannan hujja ce aka kafa a Tunisiya lokacin da aka hana auren mace fiye da ɗaya a 1956. Sa'an nan majalisar ƙoli ta addinin, Baitul Adli da ke Haifa, mutum tara ne kuma duka maza, ba a zaɓen mace. Da aka tambayi Abdul Baha dalili, sai ya ce hikimar za ta bayyana nan gaba. Ya rasu a 1921. Ga mumini wannan amsa ta isa, kuma ba na raina masa. Amma amsa ce irin ta "haka aka ce", wadda a farkon magana aka gaya mana cewa ita ce ciwon sauran addinai.

Inda na fi so mu daɗe shi ne wajen alƙalami, domin nan ne gizo ke saƙar. Abdul Baha ya bar wasiyya da ta naɗa jikansa Shauƙi Afandi a matsayin Waliyyul Amri, mai ikon fassara nassi, ta kuma tsara cewa muƙamin zai bi zuriya, kowane Waliyyi ya naɗa magajinsa tun yana raye, kuma shi ne zai shugabanci Baitul Adli. Shi kansa Shauƙi ya rubuta a 1934 cewa in aka cire wannan muƙami tsarin addinin zai zama nakasasshe. A watan Nuwamba na 1957 ya rasu kwatsam a Landan, ba ɗa, ba wasiyya, kuma mazan zuriyar da za su iya gadonsa duk an riga an kore su da sunan masu warware alkawari. Wani dattijo Ba'amurke, Mason Remey, ya ce shi ne magaji a 1960, shi ma aka kore shi. A 1963 aka zaɓi Baitul Adli ba tare da Waliyyi ba. Hukuncin mai warware alkawari kuwa shi ne a ƙaurace masa ɗungurungum, ko da ɗan'uwanka ne na jini, kuma ana gargaɗin mabiya su nisanci rubuce-rubucensa. A nan wani mai bincike zai so ya ji ta bakin waɗanda aka kora. Addinin ya ce masa guba ce.

Rigimar alƙalami ta girmi wannan. Edward Browne, malamin Farisanci a Jami'ar Kambirij, wanda ya gana da Baha'ullah a 1890 ya kuma yi rubutu a kansa cikin girmamawa, ya buga wani tsohon tarihin Babiyya mai suna Nuƙɗatul Kaf a 1910, daga kwafin da ya samo a ɗakin karatu na Paris. Ya yi zargin cewa tarihohin da 'yan Baha'iyya suka rubuta daga baya sun rage matsayin Subhi Azal, sun kuma sassauta zafin Babawan farko. Malaman Baha'iyya suka mayar da martani cewa mutanen Azal ne suka sa hannu a cikin wannan kwafi. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Amma ga wani misali da ya fi kusa. Baha'ullah yana da wanzami mai suna Muhammad Ali Salmani, wanda ya bar labarin zamansa da maigidansa, cikin harshe irin na wanzamai, ba kwana-kwana. Da aka zo buga fassararsa ta Ingilishi a Amurka a 1982, sai da aka cire wasu wurare bisa umarnin Haifa. Shaidar gani da ido ce ta mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da aska a kan wanda suke kira Mazharin Ubangiji, amma aka ga mabiya ba za su iya jin ta duka ba.

Ba a ɓoye aka yi wannan ba, ƙa'ida ce rubutacciya. Tun zamanin Abdul Baha aka shimfiɗa cewa ɗan Baha'iyya da ya yi rubutu a kan addinin sai ya miƙa wa majalisa ta duba kafin ya buga. Shauƙi Afandi ya ce matakin wucin gadi ne saboda addinin yana jariri. A 1971 Baitul Adli ya sake jaddada shi a wata takarda kan harkar ɗab'i. Wata mujalla da matasan Baha'iyya suka kafa a Los Angeles mai suna Dialogue ta mutu a 1988, bayan takaddama da shugabanni kan wata maƙala da ta nemi a yi gyare-gyare a tsarin gudanarwa, maƙalar da ba a ma kai ga buga ta ba. Juan Cole, farfesan tarihi a Jami'ar Michigan, ya fita daga addinin a 1996 bayan an binciki abin da shi da wasu masana suke faɗa a wani zauren muhawara na intanet. A 2005 aka cire sunan Sen McGlinn daga rajistar mabiya bayan ya buga littafi kan dangantakar addini da gwamnati. Duk marubucin da ya taɓa kai rubutunsa gaban mai tacewa ya san cewa abin da ake gogewa kaɗan ne. Ɓarnar tana cikin jimlolin da ba ka ma rubuta ba, domin tun kana riƙe da alƙalami kana jin numfashin mai tacewa a ƙeyarka.

Su ma suna da abin faɗa, kuma ya kamata a ji shi da kyau. Suna cewa, ku dubi yadda addinan da suka gabata suka tsattsage saboda kowane mai ilmi ya kafa tutarsa. Mu an ba mu alkawari rubutacce don kada haka ta same mu, ga shi kuwa miliyoyin mabiya a ƙasashe daban-daban suna bin cibiya ɗaya, waɗanda suka ɓalle ba su taka kara sun karya ba. Suna kuma cewa bincike shi ke kai ka ga gane likita, in ka gane shi kuwa sai ka sha magani ba gardama. Hujja ce mai nauyi, kuma haɗin kan nasu gaskiya ne. Amma majinyacin da ya yarda da likita bai sayar da bakinsa ba, yana da damar ya ce nan ke yi mini ciwo, yana da damar ya karanta katinsa. Abin da ake tacewa ai ba wahayi ba ne, tarihi ne, wa ya ce me, a wace shekara, wa ya kori wa. Kowane addini yana neman sallamawa daga mabiyansa, kuma wanda ya faɗi haka ƙarara tun farko bai yaudari kowa ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce wa ɗan wani gida ya tuhumi duk abin da ya gada, in ya shigo kuma a ce masa tuhuma cuta ce ta ruhi. A kasuwa mun san sunan mai mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa.

Saura wani abu mai nauyi, wanda ya sa wannan rubutu bai zo mini da sauƙi ba. Mutanen nan ana zaluntarsu. A 1955 wani mai wa'azi, Falsafi, ya yi ta zuga jama'a a rediyon Iran cikin watan azumi har aka rushe ƙubbar cibiyarsu ta Tehran. A Masar an rusa majalisunsu da dokar shugaban ƙasa a 1960. Bayan juyin juya halin 1979 an kashe fiye da 200 daga cikinsu a Iran, an rushe gidan Bab a Shiraz, an kore su daga aikin gwamnati da jami'o'i, har suka kafa tasu jami'ar ta cikin gidaje a 1987. Ranar 18 ga Yuni 1983 aka rataye mata goma a Shiraz, ƙaramarsu Mona Mahmudnizhad tana da shekara 17, laifinta koyar da yara darasin addini. An ba su zaɓin su fita daga addinin su tsira, suka ƙi. Duk abin da mutum zai ce game da littattafansu, wanda ya zaɓi igiya a kan ya faɗi abin da bai yarda da shi ba, ya biya wa gaskiyarsa farashin da yawancin masu sukarsa ba su taɓa biya ba.

Shi ya sa mai suka na gari dole ya ware kansa daga masu ƙarya. Ana cewa 'yan Baha'iyya 'yan leƙen asirin Isra'ila ne saboda cibiyarsu tana Haifa, alhali Sarkin Turkawa ne ya kai Baha'ullah can a ɗaure, shekara 80 kafin a kafa Isra'ila a 1948. Ana yawo da wani littafi da aka jingina wa jakadan Rasha Dolgorukov, wai shi ya ƙirƙiri Babiyya, alhali masana tarihi, har da Iraniyawan da ba sa ƙaunar Baha'iyya, sun tabbatar jabu ne. Irin wannan ƙarya tana cutar da su sau biyu. Tana halatta jininsu a waje, a cikin gida kuma tana ba shugabanni hujjar rufe bakin duk mai tambaya, a ce masa yanzu ana kashe 'yan'uwanmu za ka miƙa wa maƙiya wuƙa? Mutum ya rasa inda zai sa kansa, in ya yi magana ya zama maci amana, in ya yi shiru ya ci amanar abin da ya kawo shi addinin tun farko. Ni a ganina zalunci ba ya mayar da da'awar wanda aka zalunta gaskiya, kamar yadda raunin da'awarsa ba ya ba kowa izinin taɓa ko da gashin kansa. Tambayoyin da na jero a sama suna nan daram, kuma wanda ya cancanci ya yi su da babbar murya shi ne wanda zai fara tsayawa a hana a rataye mai amsawa.

Cikin shugabanninsu bakwai da aka kama a Iran a 2008 akwai wata tsohuwar shugabar makaranta, Mahvash Sabet. A kurkuku ta fara rubuta waƙoƙi, ana fitar da su kaɗan-kaɗan ta hannun masu ziyara, har aka buga fassararsu ta Ingilishi a 2013. A 2017, shekarar da aka sake ta, ƙungiyar marubuta ta PEN reshen Ingila ta karrama ta da lambar marubuci mai jarumta. A watan Yuli na 2022 aka sake kama ta tana da shekara 69, aka yanke mata wasu shekaru goma.